Tambayar da Kawu Ya Yi a Kasuwar Illo

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma, mai babbar murya da wanda ba a taɓa jin tarinsa ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban gama wayo ba, ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Illo. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, ina kuma kasa kunne ga abin da mutane ke faɗi bayan sun shafa fatiha sun ɗan saki jiki. Wani tsohon masunci daga bakin kogin Kwara ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon lamba a damtsensa. Ya ce, "Malam, wanga tabo na kawunka na. Ba don bakinai ba, da agana ta share tungarmu." Wani tela da suka yi yawon siyasa tare ya fara ba da labarin yadda Kawu ke juya kasuwa, ya yi dariya har ya tuna inda yake, ya kama bakinsa. Wani dattijo kuma, da na san shi abokin mahaifina ne, ya zauna can gefe, ya ce, "Allah shi jiƙan musulmi." Bai ambaci Kawu ba, bai sha ruwan da aka kawo masa ba, ya ɗauki takalmansa.

A cikin gida kuwa, duk shigar da na yi, matar Kawu sai ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Ta zaka?" Ba ta faɗin suna, ni ma ba na tambaya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, take tambaya ko ta zo. Tana zaune a wani ƙauye a hayin iyaka, cikin ƙasar Binin, tafiyar da mai ƙarfi zai yi kafin rana ta yi zafi. Amma tun ina saurayi rabon ƙafarta da gidan yayanta.

A bakin kabari liman ya roƙi jama'a, duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yahe." Da muka juyo sai ya riƙo hannuna, ya rage murya ya ce, "Waɗanga da sunka amsa, babu wanda yay yi ma wani abin kirki. Wadda aka buƙata ba ta nan. Ka yi ƙoƙari kahin sadakar ukku." Na ce masa na aika, ban san ko za ta zo ba.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Kawu, amma zuciyata ba a kwance take ba. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa rubutun zube iri biyu ne, akwai ƙagagge, akwai wanda ke ba da abin da ya faru, kuma ta'aziyya tana cikin na biyun. Sai dai Kawu ne ya fara nuna mini cewa ana iya ɓatar da gari guda ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. Idan na zaɓi alherinsa kaɗai na jera, na cuci mahaifina. Idan na zaɓi abin da ya yi masa wata ranar kasuwa kaɗai, na ci amanar tuwon da na ci. Don haka zan faɗi abin da na gani, yadda ya zo mini.

Kawu mai shela ne tun kafin a san lasifika a ƙasarmu. Akuya ta ɓata, shi ne. Yaro ya ɓace a kasuwa, shi ne. Za a yi gayyar gyaran hanya, shi ne. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, in ya buɗe baki a bakin mahauta sai masu daddawa a ƙarshen kasuwa su ɗago kai. Yana jin Dandanci kamar a ciki aka haife shi, yana jin Fillanci daidai na ciniki da na tsokana. Ba ya cin goro sai ya gama aikin ranar, wai goro na busar da maƙogwaro. Da safe sai ya kurkure da ruwan ɗumi da ɗan kanwa, ya yi ta gyaran murya a bayan ɗaki har kaji su watse. Matarsa kan ce da a ce ana auren maƙogwaro, da tuni ya sake ta ya aure shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, Kawu ya fi saurare a kan magana. Ranar kasuwa yakan riga kowa zuwa, ya zauna wurin wanzami ko da gashin kansa bai taru ba, ya koma wurin masu kifi ya yi ta taya abin da ba zai saya ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ɗana, ba a kawo ma mutum tsoro daga waje. Nashi na cikin cikinai aka nema, in an gane shi sai a hura." Ina ƙarami a lokacin, na ɗauka hikima ce kawai irin ta manya. Sai daga baya na gane sana'a yake koya mini.

Shi ya sa aka kai ni makarantar boko. Mahaifina, Baba, manomi ne mai fadamar shinkafa, mutum mai kaifi ɗaya, ya ce ɗansa ba zai je ba. Kawu bai yi masa gardama ba ko sau ɗaya. Sai ya riƙa zuwa hira da la'asar yana ba da labarin wani manomi a Kamba da aka karanta masa takarda a juye ya dangwala hannu. Gobe ya sake ba da shi da wani ƙarin. Jibi ya yi kamar ya manta ya taɓa faɗa. Ba a daɗe ba Baba da kansa ya kama hannuna ya kai ni gidan Kawu, ya ce tunda gidansa ya fi kusa da makaranta in zauna can, yana ganin shawarar daga kansa ta fito. Kawu ya riƙe ni kamar shi ya haife ni. Bai taɓa cin nama bai ajiye mini tsoka ba. Da zazzaɓi ya kama ni wata damina, a bayansa ya goya ni, ruwa har gwiwa, zuwa wurin mai magani.

Shekarar da agana ta shigo tungayen bakin kogi, masu yin lamba suka zo daga Bagudo, mutane suka gudu da 'ya'yansu cikin kwalekwale. An ce allurar tana hana haihuwa. Aka nemi Kawu. Bai tsaya yana rantse-rantse ba. Ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa, ya tuɓe riga, ya miƙa damtse aka tsaga masa lamba kowa na gani, sannan ya nuna matarsa da ke tsaye can da tsohon ciki, ya ce a jira a gani. Kasuwa ta gaba, a wani gari, ya sake hawa turmi ya sake miƙa hannu kamar bai taɓa yi ba. Haka ya yi ta yi har mai lambar ya ce ba sauran wuri, a koma ɗaya hannun. Damtsen Kawu har ya mutu kamar an yi masa zanen ƙwarya. Idan muka tsokane shi sai ya ce, "To mi? Hwaɗi nai yi ban taɓa yi ba? Hannu kawai nim miƙa." Yara da yawa sun rayu saboda wannan wayon, kuma ina alfahari da shi har gobe.

Sai siyasa ta zo, ana ta maganar Turawa za su tafi mu karɓi ƙasarmu. Jam'iyyar da manyan gari ke ciki ta kawo mota mai lasifika biyu a ka, da batir a baya, aka ɗora Kawu. Wanda muryarsa ke cika kasuwa ba da komai ba, yanzu ga shi da ƙarfe. Ranar farko da ya ce, "Jama'a, a saurara," jakuna suka tsinke igiya.

Daga baya, da na yi karatu, na tarar masana sun ba kowace dabarar farfaganda suna, har ina rubuta wa ɗalibai su a allo. Dariya takan kama ni, don Kawu yana da nasa sunayen tun kafin in ga littafin. Yabon ɗan takara har ya yi ƙyalli, shi yake kira shafa mai. Idan yana so mutane su ji kamar kowa ya riga ya bi, saura su, sai ya ce yau za a yi "jirgi ya cika". Yana da 'yan amshi da yake warwatsawa cikin kasuwa, wannan wurin masu hatsi, wancan wurin masu tabarmi, su yi kamar ba su san juna ba, in ya jefa magana su cafe. Wadda ya fi ji da ita kuwa ita ce rataya ƙararrawa. Ya ce in ka rataya wa mutum suna, ka huta, duk inda ya juya shi zai riƙa kaɗa abinsa. Yana faɗin waɗannan a tsakar gida yana dariya, muna dariya, don a lokacin ƙararrawar a wuyan wasu take, mutanen da ba mu sani ba.

Baba ya shiga ɗaya jam'iyyar, ta masu adawa. Ba mai magana ba ne, amma mutum ne da in ya ce abu fari ne ba a sake dubawa. Manoman fadama suka tsayar da shi takarar kansila. Kafin a ankara magana ta fara juyawa, har manyan gari suka damu. Na ga an yi ta zuwa wurin Kawu ana shiga zaure ana sakaya ƙofa. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Mijin ƙanwata na hwa." Na kuma ji an ce masa ai shi ya sa, ya fi kowa sanin inda zai taɓa.

A lokacin ina kwalejin horon malamai, na zo hutu, saurayi da ni har na fara gemu. Akwai wani tsoro da ke yawo a Illo a shekarun nan. Hayin iyaka, da ake kira Dahome a lokacin, mu Faransa muke ce masa, kuma tsofaffi ba su manta da mutanen da suka gudo daga can saboda aikin tilas ba. Sai raɗe-raɗi ya bazu wai in Turawa sun tashi za a sake ja iyaka, Illo ta faɗa Faransa. Ba wanda ya san mafarin maganar. Kawu dai ya ji ta a wurin wanzami.

Akwai kuma al'adar da kowa ya sani. Mace in za ta yi haihuwar fari, gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu can, ta yi wankan jego, sannan ta dawo ɗakinta. Mu mutanen bakin iyaka, aure tsakaninmu da hayi kamar tsakanin unguwa da unguwa ne. Kakata ta wajen uba 'yar wani ƙauye ce a hayi, Baba kuma ɗan farinta ne. Can ta haife shi, ta dawo da shi Illo yana jariri. Kakannin kakanninsa a Illo suke kwance.

Ranar kasuwar, rana ta take, motar ta tsaya gindin tsamiya. Ina tsaye kusa da masu gishiri. Kawu ya fara da shafa mai, amma wa Baba yake shafawa. Ya ce mutumin kirki ne, surukinsa ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Mutane suka yi tsit, har magoya bayan Baba suka fara murmushi. Sai ya sassauta murya, kamar abin na damunsa, ya ce, "Ni dai tambaya ɗaya gare ni, jama'a, ku kun hi ni sani. Mutumen ga da ka son shi riƙa muna gari, ina anka bisne cibiyatai?"

Mutane suka dubi juna. Ya sake tambaya. Daga wajen masu hatsi wani ya ce, "Hwaransa!" Daga wajen masu tabarmi wani ya amsa. Na san su duka biyun, a gidan Kawu suka ci tuwo da safe. Kawu ya ce, "A'a, ni ban ce ba. Ku kunka ce." Ya sake jefa tambayar, wannan karon rabin kasuwa ya amsa. Sai ya ce, "To, in an zo jan iyaka, wane gehe cibiya za ta ja mai ita?" Bai ƙara komai ba. Ya sa aka tada mota.

Baba yana wurin, yana tsaye da buhun iri a kafaɗa. Ya buɗe baki yana cewa goyon ciki ne, kowa ya san goyon ciki ne, amma muryar mutum ɗaya ba ta kai ko'ina cikin wannan hayaniya. Abin da ya fi ci mini rai har yau, a cikin masu ihun nan akwai 'ya'yan fari da yawa da aka haifa a hayi kamar shi. Sun fi kowa ɗaga murya, kada a waiwayo kansu.

Da la'asar na tarar da Kawu a tsakar gida yana cin goronsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kawu, ka kashe ubana da rai." Ya ce, "Zamna." Na ƙi. Ya ce, "Kai mai karatu, nuna min ƙarya guda cikin abin da nih hwaɗi." Na ce babu, kuma shi ya sa abin ya fi muni. Sai ya ce siyasa ce, kamar kokawa, bayan zaɓe kowa zai kakkaɓe jikinsa a koma cin tuwo tare. Na yi imani har ransa haka ya zata. Mutumin da ya san kan jama'a fiye da kowa, bai san abin da ya saki ba ya da linzami. Na kwashe kayana na koma gidan Baba, matar Kawu tana kuka tana riƙe mini riga.

Baba ya faɗi zaɓe, amma ƙararrawar ba ta sauka ba. Yara suka riƙa bin sa suna kiran Bafaranshe. A masallaci sai ya ga gefensa ya yi fili. Aka daina kiransa gayya. Da aka sami 'yancin kai, ana kiɗa ana raba tutoci, wani ya ce masa ya je can ya yi nasa bikin. Sai wani maƙwabci da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamarmu ya tada magana, wai baƙo ba ya gadon fadama. Aka yi ta kai da kawo, waɗanda suka san gaskiya suka sunkuyar da kai. Kawu ya je da kansa ya ba da shaida cewa fadamar ta kakannin Baba ce, ya yi magana mai kyau ƙwarai, ba lasifika. Ba wanda ya saurare shi. Sun riga sun ji wadda ta fi daɗi.

Bayan girbi Baba ya ɗaure kayansa a kan jakuna ya ƙetara zuwa ƙauyen kawunnansa, inda ba shi da ko taki ɗaya na gona. Inna ta bi shi. Ni aikin koyarwa ya tsayar da ni a wannan gefen. Mutumin da aka ce ɗan Faransa ne, ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Can ya yi ta noman aro har ƙarfinsa ya ƙare, can ya rasu. Kawu ya je jana'iza, ya zauna a ƙofar gida har rana ta yi sanyi. Inna ba ta fito ba.

Na koma gaida Kawu bayan wasu shekaru, don ba na iya yanke shi, kuma Baba da kansa ya ce in je. Da soja suka karɓi mulki aka ɗauke motar, ya koma shelar akuya da taki da rigakafi. Da siyasa ta sake dawowa, sababbin 'yan takara suka yi ta sintiri a ƙofarsa, ya ce maƙogwaronsa ya lalace. Ƙarya ce, kuma ita ce ƙarya ta farko da na taɓa kama shi da ita, don washegari na ji shi yana cigiyar ɗan maraƙi tun daga bakin tasha. Duk kaka yakan aika wa Inna shinkafa da busasshen kifi, duk kaka a dawo da su. Bai taɓa ce mini ya yi nadama ba. Ya dai daina ba da labarin zamanin mota, in telan nan ya ɗauko sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Ana saura kwanaki kaɗan ya rasu na same shi kwance a inuwar ɗaki, muryar nan ta koma kamar ta yaro. Ya ce, "Ka shawo min kan uwarka." Na ce, "Kawu, ai kai ne gwanin shawo kai." Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ita ta san dabaruna duka. Tun muna ƙanana ba ta taɓa hwaɗa ma ko guda ba." Na je na gaya mata yana jin jiki. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ci gaba da tsinar shinkafarta.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana rabon gumba, sai na ji cikin gida ya yi tsit, sannan kuka ya ɓarke. Inna ce ta zo, a bayan babur ɗin wani jikanta, ta tsufa har na ji tsoro. Ta rungumi matar Kawu suka yi kukansu. Ta yi wa mamaci addu'a kamar kowa. Amma kalmar da ake jira ba ta fito ba. Liman ya aiko a kira ni, ya yi mini nuni da ido.

Na same ta ita kaɗai a ɗakin Kawu, tana zaune bakin gadonsa tana kallon bango. Na durƙusa na ce, "Inna, liman na jira. Kawu ya roƙi gafararki kafin ya cika, ni ya aika." Ta ce in rufe ƙofa.

Ta ce, "Kai ka san uwarmu, ni da shi, 'yar ina ta?" Na ce ban sani ba, ta rasu tun kafin a haife ni, na dai san daga wata tunga ta wajen Bagudo kakana ya taso da su suka dawo Illo. Ta ce, "'Yar hayi ta. Kawunka kuwa shi na ɗan hwarinta. Goyon ciki tat tahi, can ta haihe shi. Cibiyatai na bisne ƙauyen da ke gaba da na ubanka, ana jin kiran sallar juna."

Ta ci gaba, muryarta ba ta ko rawa. Mutanen Illo ba su sani ba, don da girmansa ya zo garin. Ita kakarsu ce ta gaya mata. Ranar da Baba ya dawo daga kasuwar nan ya kasa cin abinci, maganar tana bakinta. Da a ce ta faɗa masa, kasuwa mai zuwa zai tsaya gindin tsamiya ya mayar wa Kawu tambayarsa, a yi dariya, magana ta mutu, fadama ta tsaya. Amma Kawu ba zai sake ɗaga kai a Illo ba, kuma bakin nan shi ne gonarsa.

Na ce, "Shi Kawu ya san kin sani?"

Ta ce, "Ya sani mana. Don hakanan yay yi. Ya auna ni kamar yadda shika auna kasuwa, ya san ba ni iya tona ɗan'uwana." Ta share fuska da gefen mayafi. "Nac ce bari in jira kasuwa ta gaba, ko shi gyara da kainai. Nac ce bari zaɓe shi wuce. Har munka ɗaure kaya ban hwaɗi ba. Da munka koma can kuma, kunya ta hana ni. Ubanka na ta gode min, wai na bar dangina na biyo shi. Har yac cika shina sa min albarka."

A waje an fara kiran mutane su matso a yi addu'a. Ta miƙo hannu na tashe ta tsaye. Ta dubi gadon ta ce, "Tahi ka gaya ma liman na yahe mai, duniya da lahira. Na gaji da riƙonai." Na juya zan fita, ta kama hannun rigata. "In jama'a sun watse, ka tambayo min liman. Wanda yam mutu bai san an yi mai laihi ba, ta ina aka neman gahwaratai?"

Na kai wa liman saƙon farko, ya yi hamdala, aka shafa. Da zaure ya yi sauƙi na kai masa na biyu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ta yawaita yi masa addu'a da sadaka, Allah mai rahama ne. Na koma na faɗa mata. Ta ce wannan ai tun ranar da aka rufe Baba take yi. Ba ta yarda ta kwana ba, kafin la'asar ta hau babur ta koma hayi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa yaran da bakinsa ya ceta su zame masa hujja, ya yafe masa ranar kasuwar nan. Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi wurin da ba mai tambayarsa daga ina ya fito. Su biyun sun tafi sun huta. Inna da ta rage, ita na fi yi wa addu'a.